Ƙurar hunturu da baƙar ƙasar Amazon

A shekarata ta uku a sashen nazarin ƙasa aka ba ni aikin rubutu kan dajin Amazon na Kudancin Amurka. Na shiga da tunanin ɗan manomi: inda ganye ya yi shar haka, ai ko sanda ka dasa sai ta tsiro. Malaminmu ya ja layi a ƙarƙashin wannan jimla, ya ce in koma in sake karatu.

Ashe yawancin ƙasar dajin ba ta da ƙarfi. A birnin Manaus na Brazil ruwan sama yakan haura milimita 2,000 a shekara, ninkin na Kano har da ɗoriya, kuma shi ke wanke albarkar ƙasa ya kai kogi. Abincin itatuwan yana cikin ganyen da ya faɗo ya ruɓe, saiwoyi su tsotse nan take. Shi ya sa wanda ya sare daji ya yi gona, bayan shekara biyu ko uku sai gonar ta gaji.

Wani ɓangare na abin da ruwa ya kwashe, daga nahiyarmu ake mayar da shi. Binciken NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, na 2015 ya ƙiyasta cewa ƙurar Sahara fiye da tan miliyan 27 ke ƙetare tekun Atilantika ta sauka a Amazon duk shekara, ɗauke da fosfaras, sinadarin da tsirrai ke buƙata, kusan tan 22,000. Har da ƙurar kwarin Bodele a arewacin Chadi, busasshen gindin tsohon tafki. Yanzu idan hazon hunturu ya rufe gari, nakan tsaya in dube shi.

Amma abin da ya fi taɓa ni shi ne mutanen dajin. Na ɗauka mafarauta ne kawai masu yawo. Sai na karanta labarin terra preta, baƙar ƙasar da kakanninsu suka gina da gawayi, ƙasusuwan kifi, fasassun tukwane da sharar gida, a wasu wurare zurfinta ya kai mita biyu. Bayan ɗaruruwan shekaru har yau ana nomanta. Tawagar Orellana, wani Bature ɗan Sifaniya, da ta bi kogin Amazon a 1542 ta ba da labarin manyan garuruwa a gaɓarsa, aka daɗe ana ƙaryata ta, domin cututtukan da Turawa suka kawo sun riga sun cinye jama'ar.

Ranar da na gama wannan babi, kakana na tuna, yadda yake loda toka da juji a mangala, ya kora jaki zuwa gona tun kafin ruwa ya sauka.