Daren da na kusa shigar da garwashi ɗaki a Dallas

Ranar Litinin 15 ga Fabrairun 2021, tun kafin asuba aka ɗauke mana wuta a Dallas, a jihar Texas ta Amurka. Hukumar ERCOT mai kula da rarraba wutar lantarki a jihar ta ce ɗauka ce ta karɓa-karɓa. Mu kam sai da muka kwana biyu a duhu. Washegarin ɗauke wutar, sanyi ya kai digiri 19 ƙasa da sifili a ma'aunin Celsius, kana zaune a falo kana ganin tururin numfashinka.

Ni a Zariya na tashi. In hunturu ya kankama, kasko ake cikawa da garwashi a kai ɗaki a ji ɗumi. Da na ga autarmu tana karkarwa, leɓenta ya bushe, sai na fita baranda na hura gawayin da muke gasa nama da shi. Ina riƙe da shi zan shiga, maƙwabciyarmu, wata dattijuwa da ta yi aikin jinya, ta tare ni: "Ɗana, ajiye wannan a waje. In ka shiga da shi, da wuya ku wayi gari."

Ita ta fahimtar da ni. Gidajen nan a toshe suke ruf, iska ba ta ratsawa. Gawayi yana fitar da iskar kabon monoksaid, ba ta da wari, ba ta da launi. Ciwon kai take fara sawa, sai jiri da tashin zuciya, sai barci ya kwashe mutum. Ita ce dai ke kashe iyali guda a gida Najeriya in an kwana da janareta a rufe. A makon da aka yi sanyin nan, a birnin Houston, wata mata da yarinya suka rasu, an kunna mota cikin gareji don a ji ɗumi. Har yau in na tuna kaskon nan gabana faɗuwa yake.

Sai muka tattaru a ɗaki ɗaya, mu biyar. Maman yara ta cusa tawul a ƙasan ƙofa, muka rataya barguna a taga, kowa ya jera riguna uku da hula da safa. Tocila muka kunna, kyandir kuwa na hana saboda yara. In zan yi cajin waya a mota, sai na fitar da mota fili tukuna.

Inda na yi sake shi ne ruwa. Ban bar famfo yana ɗiga ba, bututu ya daskare ya fashe a kicin, ga shi ban san inda ake rufe ruwan gidan ba. Sai da ya jiƙe mana kafet kafin na lalubo wurin.

Daga baya hukumar lafiya ta Texas ta ce mutum 246 ne suka rasu a sanadin sanyin nan. Allah Ya jiƙan Musulmin cikinsu. Ranar da kantuna suka buɗe na sayo na'urar gano iskar kabon monoksaid mai aiki da batir, guda biyu. Ɗaya na kafa a ƙofar ɗakin yara.