Wa zai biya in kanal ya fashe

Sana'ata gyaran kanal, wato hanyar ruwan filayen noman rani, da ƙera ƙofofin ruwa, garejina nan Tawa yake amma rabin shekara muna wajen Ƙwanni da Galmi da Ibohamane ni da yarana, da siminti da injin walda a bayan mota. Aikin kansa ba wuya gare shi ba, tsagewa ce ka fasa ka sake zubi, ƙofa ta ci tsatsa ka yanke ka sa sabon ƙarfe. Inda kai ke ciwo shi ne wa za ya biya.

Mutane da yawa gani suke ruwan da ya biyo ta gaban fangalinsu nasu ne. A'a fa. Dokar ruwa ta Nijar ta 2010 ta ce ruwa dukiyar ƙasa ce, mai ɗiba kuma shi taimaka da kuɗin kula da shi. Filayen nan gwamnati ta gina su, ONAHA, hukumar filayen noman rani da anka kafa 1978, ke sa ido ga manyan gine-gine, sauran kuma yana wuyan manoma ta hanyar ƙungiyarsu. Kenan in ka karɓi fili ka karɓi kaya ukku, kuɗin ruwa bayan girbi, fita yasar kanal ranar gayya, da jiran ranar layinka. Wanda ya daɗe bai biya ba ƙungiya na iya karɓe filin ta ba wani.

To na kai, wanda ruwa ke fara isowa gare shi, shi ne kullum ba shi zuwa gayya, don ko kanal ya cika da laka da ciyawa shi dai albasarshi ta sha. Na wutsiya ke kwana da fitila yana jira. Wasu kuma da dare su karya kwaɗon ƙofa ko su huda gefen kanal su sa tiyo, ruwan ya yi ta cin ƙasa ƙarƙashin siminti har dalan, wato shimfiɗar simintin, ya zauna, wata rana ya fashe ya kwashe dashen maƙwabci. Nan kwamiti ke cin tara, gyara kuma na wanda ya huda ne, ba na kowa da kowa ba, in dai an samu shaida. In rigimar ɓarna ta ƙi mutuwa sai gaban maigari ko sarki a yi sulhu a rubuta takarda, kotu sai bayan nan.

Shi ya sa ni ba ni taɓa kanal da maganar mutum guda. Ko Alhaji ne ya zo da kuɗi hannu ya ce malam faɗaɗa mini bakin nan, sai in ce ranka ya daɗe kawo takardar shugaban ƙungiya da sa hannun ma'aji. Girman ƙofa rabon ruwa ne, in na ƙara mishi yatsa biyu na rage ma mutanen wutsiya, kuma ranar da anka tashi bincike sunana za a fara kira tunda kowa ya san waldata.