Talata: diraya ta gas da tsohuwar tiyon roba

Aiki ɗaya ya cinye mana yinin yau, a wani gida da ke kudancin Shikago. Hajiyar gidan ta sauya diraya, wato na'urar busar da kaya, daga mai lantarki zuwa mai gas, don kuɗin wuta ya ragu.

Ɓangaren wuta bai ɗau lokaci ba. Tsohuwar tana kan babban soket mai bolt 240, sabuwar kuwa 120 ya ishe ta, tunda gas ne ke ba da zafi. Mun jawo bututun gas na rabin inci, muka sa makulli a ɗakin, ƙasa da ƙafa 6 daga na'urar, sannan sabuwar tiyon ƙarfe mai ruwan ɗorawa. Ba a maimaita tsohuwa ko da ta yi kyau a ido. Kowace mahaɗa an shafa mata ruwan sabulu, ba wadda ta yi kumfa. Na kuma duba farantin bayani da ke bayan na'urar: ta gas ɗin gari ce. Da gas ɗin gidan na tukunya ne, wato furofen, sai an sauya bakin murhun da mai ƙaramin rami, in ba haka ba wuta ta yi yawa, ta riƙa baƙin hayaƙi.

Inda hankalina ya tashi shi ne mafitar iska. Farar tiyon roba ce mai lanƙwasa, ta tsage wuri biyu, cike da ɓurɓushin zare kamar an cusa auduga, ƙarshenta kuma a cikin wani akwatin ruwa a ɗakin. Ba ta fita waje sam.

Hajiya ta ce, "Malam, ai shekara da shekaru haka muke, ba abin da ya faru."

Na ce, "Hajiya, waccan mai lantarkin tururi kawai take fitarwa. Wannan wuta ce ke ci a cikinta. Kin san yadda hayaƙin janareta ke kwantar da mutane a ɗaki can gida? Gubar ɗaya ce, kabon monokzaid, ba ta da wari ba ta da launi." Ta yi shiru, ta ce a cire.

Mun sa bututun ƙarfe mai santsin ciki, faɗin inci 4. Ƙa'idar ginin da aka fi bi a Amurka ta ba da iyakar tsawon ƙafa 35, ana cire ƙafa 5 a kan kowace cikakkiyar gwiwa. Namu gwiwa 2 ne, saura 25, tsawon kuwa ƙafa 18 ya kama. Bakin kowane yanki ya shige na gabansa ta hanyar da iska ke bi, aka naɗe da tef na alminiyam. Ba mu ɗaura dogon sukuru ba, domin tsininsa kan kama zare ya tara, daga nan gobara ke farawa. A waje murfi ne mai faifai da iska ke buɗewa, nesa da taga fiye da ƙafa 3, babu raga. Mutane na son raga saboda tsuntsaye, amma cikin 'yan watanni take toshewa.

Kafin magariba muka kafa ƙararrawar gubar kusa da ɗakunan kwana, muka kunna dirayar. Harshen wutar shuɗi ne, a tsaye. Na fita cikin sanyin nan na ga faifan ya ɗaga sosai, farin tururi na tashi. Na nuna wa ɗanta yadda ake zare matatar zaren a share ta bayan kowane wanki, bututun kuma a goge shi da dogon burushi sau ɗaya a shekara.