Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Hanyoyin Dajin Amurum

Assalamu alaikum masu bibiyar wannan labari. A makon jiya mun tsaya ne a inda malamina na Jami'ar Jos ya ce aikina na shekarar ƙarshe a kan tsuntsaye zai kasance, kuma a Laminga zan yi shi. Inna ba ta so ba. Tun rikicin Jos na 2001 hankalinta ba ya kwanciya idan ɗayanmu ya yi nisa da unguwa. Daga baya ta ce, "Je ka, Allah Ya tsare, amma kada magariba ta riske ka a daji."

Laminga ƙauye ne a ƙaramar hukumar Jos ta Gabas, kimanin kilomita 15 daga cikin gari. A gefensa dajin Amurum yake, bai wuce hekta 300 ba, kuma a nan aka kafa cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI a 2001. Amma dajin ya girmi cibiyar nesa ba kusa ba. Mutanen wurin Afizere ne, waɗanda mu a Jos muke ce wa Jarawa, kuma tun kakanninsu suke girmama dajin, ba kowa ke shiga da gatari ba. Ba don su ba, da masu binciken ba su tarar da abin bincike ba, wannan kam ban taɓa shakkarsa ba.

Wani dattijon ƙauyen aka haɗa ni da shi, Baba nake ce masa. Da asuba muke fita, hazo bai tashi ba, sanyin Filato na ratsa rigar sanyi. Ranar farko na saki ƙafa irin ta ɗan birni, sai ya riƙe mini hannu. "Ɗana, ina za ka? Nan ba a sauri. Kunne ke gaba, ƙafa na baya."

Hanyar siririya ce, ƙafa ce ta fitar da ita. Takan fara da fili mai ciyawa da ɗorawa da maje da ɗinya jefi-jefi. Can sai ta gangara kwari, iska ta canja, duhun itatuwa ya rufe ka, ruwa na gudu a ƙasa, birai na tsalle a kan ɓaure. Kafin ka gama mamaki ta haura duwatsu, inda agwada ke shan hantsi, kazar dutse na kuka. Ƙasa iri uku a tafiyar da ba ta kai ta zuwa kasuwa ba, kowace da nata tsuntsayen. Shi ya sa a ɗan wurin nan aka ƙirga nau'in tsuntsaye wajen 300.

A kan duwatsun Baba ya nuna mini wani ɗan tsuntsu ja, ƙarami ƙwarai, yana tsince irin ciyawa. Sai a 1998 masana suka tabbatar cewa nau'i ne na daban. Yadda aka gano shi ne ya fi burge ni. Akwai wani ɗan baƙin tsuntsu a Filato da ba ya yin sheƙa, a sheƙar jan yake zuba ƙwansa. Jan ya ƙyanƙyashe, ya ciyar, ɗan baƙin ya tashi yana rera kukan wanda ya rene shi. Masana suka ji kukan a bakinsa, suka ga bai yi daidai da na tsuntsayen da suka sani ba, suka shiga neman mai shi har suka same shi. Da na ba Baba wannan labari sai ya ce, "Mu ai mun daɗe muna ganinsa. Suna ne suka kawo."

A cibiyar na koyi kafa raga, da ciro tsuntsu ba tare da an karya masa fiffike ba, a auna shi, a sa masa zobe mai lamba a ƙafa, a sake shi. Wasu tsuntsayen daga Turai suke zuwa cin rani. Ka riƙe abin da ya ƙetare Sahara a tafin hannunka, zuciyarsa na bugawa, dole ka yi tasbihi.

Daji kuma bai rasa damuwa ba. Da rani gobara kan shigo, ga wata baƙuwar ƙaya mai suna lantana tana cinye wuri, ga mata masu neman itacen girki. Su kam ban iya ganin laifinsu ba, don na san kuɗin kananzir a lokacin.

Wata safiya muna gangarowa kwari muka ci karo da tarkon waya, da sabon sawun mutum a gefensa. Baba ya tsuguna ya duba sawun, fuskarsa ta canja, ya ce, "Na san mai ƙafar nan." Abin da ya biyo baya a gidan mai unguwa, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.