Darasin da ya sa na daina yi wa inji kallon banza

Tunda na fara karatun injiniyan injuna a jami'a, babu darasin da ya kama zuciyata kamar ilimin zafi da motsi. Lissafinsa akwai wuya, har wasu abokan karatuna na kiransa dodo. Amma ranar da malaminmu ya kawo bayanin Sadi Carnot, Bafaranshen da ya wallafa bincikensa a 1824, sai na ji kaina ya buɗe. Ashe komai gwanintar maƙeri, babu injin da zai mayar da dukkan zafin da ya samu ya zama motsi. Dole wani kaso ya tafi ta salansa da lagireto. Shi ya sa injin mota mai shan fetur, kusan kashi ɗaya cikin uku kawai na ƙarfin man yake mora.

Ɗakin gwaji kuwa, nan ake gane mai haƙuri. Kana kan injin feƙe ƙarfe, rabin milimita ya isa ya ɓata aikin yini guda. Ni dai a ganina lokacin da ake ba mu a can ya yi kaɗan ƙwarai, ya kamata a ƙara.