Talata: yadda tambarin Kawu ya koma ƙwai

Sai bayan isha'i na shigo gida, idanuna na yaji saboda kallon allo. Bari in rubuta abin tun yana da ɗumi, don na san wani zai sake kawo mini irin wannan aikin.

Kawu ya riga ni zuwa shagona na gyaran kwamfuta. Ƙarfe takwas na tarar da shi zaune a kan benci, jaka a cinya. Tsohuwar kwamfutar da yake zana aikin surfani da ita ta ƙone daren Asabar, jiya ya sayo laftof ta hannu mai injin Intel Core i5 zubi na bakwai. Saura kwana goma sha uku Sallah, ga manyan riguna na mutane jibge a shagonsa na Fagge. Manhajar da yake zane da ita, wadda ke tura aiki zuwa keken surfani, tana da ɗan makullinta da ake sokawa a ramin USB, kuma makullin ya ƙi Windows 10 ɗin da ta zo a kan laftof ɗin ƙememe.

"Ɗana, ni dai ka mayar mini da irin ta da, wadda hannuna ya sani."

"Kawu, ta da ɗin Windows 7 ce, tun 2009 ta fito. Wannan injin kuwa sai 2016 aka yi shi. Za su iya zama tare, amma sai an yi lallashi."

Ya ce in lallasa, shi zai je ya yanke wuyan riguna ya dawo bayan azahar.

Na ɗora Windows 7 a filashi da manhajar Rufus, na soka, na kunna. Ɗigon fitilun nan huɗu suka fito, ja da kore da shuɗi da rawaya, suka fara juyawa za su haɗu, sai suka tsaya cak. Wani jan layi siriri ya bayyana a saman allo. Na ba ta minti goma, ko motsi. Yaron shagona ya leƙo ya ce ai allon ne ya lalace, a mayar wa mai kaya da kayansa. Na ce ya jawo kujera, domin wannan kuskuren shi ne ke sa mutane kashe kuɗi a banza. Allon da ya nuna Windows 10 tar ɗazu ba zai mutu cikin rabin awa ba.

Abin da ke faruwa shi ne, lokacin da Windows 7 ke tashi, kafin ta san wace irin na'urar hoto ce a cikin kwamfuta, tana ƙwanƙwasa wata tsohuwar ƙofa mai suna INT 10h a cikin BIOS, wato manhajar da ke fara tada kwamfuta kafin Windows. Ƙofar nan tun kwamfutar IBM ta 1981 take, kuma ta nan ake cewa allo ya koma girma kaza, launi kaza. Sababbin kwamfutoci sun bar BIOS sun koma UEFI, shi kuma da wata hanya yake magana da allo, GOP, wadda sai daga Windows 8 ta 2012 aka dogara da ita gaba ɗaya. To Windows 7 ta yi sallama a ƙofar da ta saba, babu mai amsawa, shi ne ta tsaya tana jira. Kwamfutar lafiyarta ƙalau, yare ne bai zo ɗaya ba. Akwai tafinta da aka ajiye a cikin UEFI saboda irin wannan, sunansa CSM, amma a yawancin laftof a kashe yake zuwa.

Na shiga saitin, na nemi CSM, na gan shi a dushe, ba ya taɓuwa. Sai da na kashe Secure Boot, tsaron nan da ke hana duk manhajar da ba ta da hatimi tashi, wanda dama Windows 7 ba ta san da shi ba, na ajiye, na sake shiga, sannan ya buɗe. Na kunna shi, na sake rubuta filashin a tsohon tsarin MBR da BIOS ke ganewa. Fitilu huɗu suka juya suka haɗu. Yaron ya yi shiru, sannan ya ce in sake nuna masa wurin. Na ji daɗin wannan tambayar.

Matsalar USB ba ta ɗauke ni lokaci ba. Tun zubi na shida Intel ta cire tsohon mai kula da USB 2.0, faifan Windows 7 na asali kuma bai san na 3.0 ba, shi ya sa yakan ce bai ga filashin da shi kansa ya tashi daga ciki ba. Ina da kwafin da na riga na cusa wa direbobin, wato ƙananan manhajojin da ke sa Windows ta gane na'ura, da shi na yi aiki. Kafin azahar an gama sakawa, makullin Kawu ya kama, manhajarsa ta buɗe.

Kawu ya dawo ya zauna, ya buɗe zanen wata babbar riga, aska takwas da tambari. Ya daɗe yana kallo.

"Ɗana, wannan ba tambarina ba ne. Nawa zagaye yake. Wannan ƙwai ne."

Gaskiyarsa. Windows 7 ba ta gane na'urar hoton ba, sai ta ɗora mata direban VGA na gama-gari, wanda ya tsaya a 1024 da 768. Wannan ma'aunin tsofaffin allo ne, huɗu bisa uku. Allon laftof ɗin kuwa 1920 da 1080 ne, sha shida bisa tara, sai aka ja hoton gefe da gefe don ya cika. Kowane abu ya ƙara faɗi da kashi ɗaya cikin uku. Ga haske a ƙure, maɓallin ragewa ba ya aiki. Na gaya masa cewa zanen da ke cikin fayil bai canja ba, keken zai ɗinka shi zagaye yadda yake. Ya girgiza kai. Ya ce tsohon zane ba damuwa, amma sabo fa? Shi da ido yake gyara lanƙwasa, in allo ya yi masa ƙarya zai matse abin da bai kamata ya matse ba, kuma a kan shaddar mutane za a gane. Ban ƙara cewa komai ba. Da mai buga takardu ne da na ce ya yi haƙuri da shi haka, amma mutumin da ya shekara talatin yana auna da'ira da ido ba za a ba shi allon da ke karkata ta ba.

Nan aikin ya yi nauyi. Na'urar hoton HD Graphics 620 ce, kuma direbanta na Windows 10 kaɗai aka yi wa. Windows 7 a zubi na shida aka tsayar da ita. In ka danna direban ya shiga, sai ya ce wannan kwamfutar ba ta cika sharaɗi ba. Sai dai zubi na shida da na bakwai 'yan ɗaki ɗaya ne, ƙirar ɓangaren hotonsu kusan guda. Ko a lambar shaida ma ana gani: HD 520 ta zubi na shida 1916 ce, HD 620 kuma 5916. Cikin jakar direban akwai fayil na INF, rubutu ne zalla, jerin na'urorin da aka yarda a ɗora wa. Sashen Windows 7 yana da alamar 6.1, na Windows 10 kuma 10.0. Dabarar ita ce ka rubuta 5916 a ƙarƙashin 6.1.

Na yi, jan akwatin gargaɗi ya fito cewa hatimin bai dace ba, na ce a ci gaba. Ta sake tashi, alamar Windows ta wuce, sai baƙi ƙirin. Gabana ya faɗi, saboda Kawu na zaune yana kallona. Na dalle fitilar waya a jikin gilashin na karkata kai. In fitilar bayan allo ce ta mutu, za ka hango hoto dishi-dishi. Ban ga komai ba. Na jona wayar HDMI da talabijin ɗin shago, nan ma babu. Ke nan hoton ne ba ya fitowa sam, laifin direba ne.

La'asar ta yi, muka tafi masallaci. A hanyar dawowa abin ya faɗo mini. Layin na kwafo shi ɗungurungum daga sashen 10.0, ke nan har yanzu yana nuni ga umarnin sakawa na Windows 10. Lambar ce kawai ya kamata in ɗauko, in ɗora ta a kan layin 1916. Na kashe da maɓalli, na yi ta danna F8 har na shiga sef mod, inda take komawa kan VGA na gama-gari, na cire direban, na gyara layin, na sake sakawa. An ɗauke wuta a daidai lokacin, batir ya riƙe mu.

Ta tashi da rubutu ƙanana masu kaifi, gefen tagogi ya zama garau kamar gilashi. 1920 da 1080. Maɓallin haske ya amsa.

Kafin ya taɓa ta na zaunar da shi na yi masa magana a kan abin da ya fi damuna. Tun 14 ga Janairun 2020 Microsoft ta daina aiko wa Windows 7 gyaran tsaro, Chrome ma a lamba 109 ya tsaya mata. Na roƙe shi kada yara su jona ta da intanet, kada a soka mata filashin kowa sai nasa. Na kashe Wi-Fi daga cikin saitin ma. Na kuma gaya masa cewa sa'a muka ci da wannan tana da CSM, domin tun 2017 Intel ta sanar za ta janye shi zuwa 2020, kuma yawancin waɗanda ke shigowa kasuwa yanzu ba su da shi. Akwai UefiSeven da ke kwaikwayon tsohuwar ƙofar, akwai kuma VirtualBox da ke kunna Windows 7 a cikin wata Windows, amma ba zan so in jingina sana'arsa a kansu ba. Bayan Sallah za mu zauna mu yi lissafin sabuwar manhaja. Ya ce Allah ya kai mu.

Sai ya zaro tef ɗinsa daga aljihu, ya buɗe zanen ɗazu, ya ɗora a kan allo. Ya auna tambarin a tsaye, ya auna a kwance, ya sake aunawa a tsaye.

"Madalla. Allah ya yi maka albarka, ɗana."

Ya miƙo kuɗi na ƙi karɓa, ya ce to in kawo shaddata ranar Alhamis. Na ajiye kwafin fayil ɗin da na gyara a filashi biyu, ɗaya a aljihun jakarsa, ɗaya a durowar shago, na rubuta 5916 a jikin kowanne.