Synge, mutumin da ya kasa kunne ga masunta

Duk sanda aka tashi lissafa marubutan ƙasar Ayilan sai ka ji Yeats, ka ji Wilde, amma da ƙyar a tuna da John Millington Synge, kuma wallahi abin yana min ciwo, don a wajena babu wanda ya kai shi iya sauraron bakin talaka.

An haife shi 1871 a Rathfarnham kusa da Dublin, ɗan gidan masu hali ne. Da farko ma kiɗa ya sa a gaba, har Jamus ya je neman ƙwarewa, abin bai ɗore ba. A Paris ya haɗu da Yeats a 1896, shi ne ya ce masa malam ka tafi tsibiran Aran ka zauna da mutanen can. A 1898 ya tattara ya tafi, ya zauna cikin masunta a Inishmaan, ɗaya daga cikin tsibiran nan da ke yammacin Ayilan, yana koyon yarensu, yana jin yadda suke labari da yadda suke kukan mamaci.

Daga nan wasan kwaikwayonsa Riders to the Sea ya fito a 1904. Wasan ɗan gajere ne amma fa yana taɓa zuciya. Tsohuwa Maurya teku ta cinye mata miji da 'ya'ya maza, ana cikin haka aka kawo kayan wata gawa da ruwa ya turo can nesa, 'yan matan gidan suka ɓoye kada uwar ta gani, sai ƙaramar ta ɗauki safa tana ƙirga saƙar, ta gane ai ita ta saƙa wa yayanta da hannunta. Babu wani dogon jawabi, safa ce kawai, amma kai mai karatu sai jikinka ya yi sanyi.

Rigima kuwa sai a Janairun 1907, da aka nuna wasansa The Playboy of the Western World a gidan wasan Abbey da ke Dublin. Labarin wani saurayi ne da ya shigo ƙauye yana cewa ya kashe ubansa, mutanen gari suka mai da shi gwarzo, 'yan mata na rububinsa, sai ga uban ya bayyana da rauni a ka, da yaron ya sake kai masa duka a gabansu kuma kowa ya juya masa baya. 'Yan kallo suka ce an ci mutuncin Ayilan da matanta, aka yi ta ihu har sai da aka kira 'yan sanda. Ni dai ina ganin ba ƙarya ce ta ɓata musu rai ba, Synge ya faɗi abin da ya gani ne, lokacin kuma mutane na fafutukar 'yanci daga Ingila, ba sa son a nuna su da tabo ko kaɗan.

Cutar daji ta ɗauke shi a Maris 1909 yana ɗan shekara 37, ko auren 'yar wasan kwaikwayo Molly Allgood da aka yi musu baiko bai samu yi ba. A shekarar littafin waƙoƙinsa ya fito, wasansa na ƙarshe kuma, Deirdre of the Sorrows, bai ƙarasa gyara shi ba, a haka aka nuna shi 1910, Molly ce ta fito a matsayin Deirdre.